Kwandon Ƙirya na Ƙarshe

Gawayin ƙirya ba ya tartsatsi, ba ya hayaƙi, ba ya kuma saurin zama toka. In ka buga guda biyu da juna sai ka ji amo kamar na ƙarfe. Da shi kaɗai mahaifina yake ƙira. Na sha ganin an kawo masa na bagaruwa ko na marke, ya murza a tafin hannu, ya mayar wa mai shi, ya ce a kai wa mai tsire. Kowane gawayi yana iya sa ƙarfe ya yi ja. Amma a lokacin nan ƙarfe ba shi da yawa, ba a yar da tsohuwar hauya, sabon baki ake ƙara mata, kuma ƙarfe biyu ba sa yin laushin da za su kama juna sai a wutar ƙirya.

Maƙerarmu rumfar zana ce a gabashin kasuwar Illela. Ƙiryar da ke kusa da gari tun zamanin kakana aka cinye ta. Wadda ta rage tana cikin wani kwari can bayan Ƙonni, tafiyar rabin yini da jaki. Ranar da Turawa suka zo da igiyoyinsu suna aune-aune suna kafa duwatsu, kallo muka fita yi, har da masu tallar fura. Aka ce mana daga dutsen nan zuwa kudu na Ingilishi ne, arewa na Faransi. Mutane suka shiga tambayar ina gonar wane ta faɗa, ina rijiyar wane, ina kabarin uban wane. Ban ji wanda ya tambayi inda ƙirya ta faɗa ba. Mu kanmu maƙeran sai da muka koma gida muka tuna.

A lokacin na riga na zama magidanci. Na bi fatake arewa sau biyu, na iya Buzanci, na kuma yi shekara guda ina dakon kayan wani Bafaranshe, inda na tsinci harshensu, ba mai kyau ba, amma ina ji. Ina da mata, ina da gayauna da mahaifina ya yankar mini a bayan gari. Ƙira ban iya ta sosai ba, yawo ya hana ni. Saboda haka in akwai saƙo zuwa wancan gefen, ni ake aika.

Saƙon kuwa ba ya yankewa. Tun da dutsen nan ya tsaya muka koyi wani irin ladabi da ba mu da shi a da. Kwarin ƙirya yana hannun wani mai gari, wanda a da in ya zo kasuwarmu a ƙasa yake zama kamar kowa. Yanzu sau biyu a shekara nake kai masa hauya huɗu da wuƙa mai kube, da gaisuwar mahaifina da ta mai unguwarmu. In shanun mutanensa sun shiga gonar wani namu, dattijai su ce a yi haƙuri, dabba ce. In ɗansa ya yi faɗa da namu a kasuwa, namu ake ja wa kunne tun kafin a ji ba'asi. Mutanen da ke kudu da mu kuwa, waɗanda ba mu neman komai a wurinsu, ko akuyarsu ce ta leƙa danga sai an kai ƙara. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara haka. Wayar gari muka yi muka ga muna yi.

Mai kawo mana gawayin wani Buzu ne, dogo, siriri, ya ba ni shekara goma sha wani abu. Shi yake sarar itacen, shi yake binne shi ya ƙona, shi yake ɗoro shi a kan jakunansa uku duk bayan kasuwa biyu. Buzu da maƙeri abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka tun daga bakin kasuwa ake jin isowarsa.

"Ina baƙin bawan nan nawa mai cin wuta? Hito ka sauke ma ubangidanka kaya!"

Mahaifina ko kai ba ya ɗagawa. "Wa ya bar ɓarawon raƙumi ya shigo gari da rana tsaka? Jama'a, kowa shi ƙirga awakinai."

"Raƙumi? Kai ko jaki ka taɓa mallaka? Ba don ni ba da kashin shanu kaka ƙira."

"Ba don ni ba da haƙori kaka saran itace."

Daga nan sai a kawo fura. Yakan juya baya, ya sassauta rawani, ya sha. Ni "ɗan bawana" yake ce mini. In muna mu biyu Buzanci yake yi mini, yana dariyar yadda nake karya shi.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ta girmi dutsen iyaka nesa ba kusa ba. Duk wanda aka biyo, ko me ya yi, in ya samu ya shigo rumfa ya dafa uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake duka a kai, ba mai fitar da shi muddin wutar maƙerar tana raye. Wutarmu kuwa ba ta mutuwa. In an tashi aiki a rufe ta da toka, da safe a tone a zuga. Mahaifina yakan ce wutar da ubansa ya bar masa ce. A sanina sau ɗaya aka taɓa dafa ƙarfen nan, ina ƙarami, wani ne da ya fasa kan ɗan'uwansa a rikicin gona. Kwana uku ya yi aka sasanta.

A wata bazara, shekaru kaɗan bayan iyaka, Buzun ya shigo da tsakar rana, ba jaki, ba takalmi, ba tsokana. Ya wuce mu duka, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan uwar maƙera. Da zafinta, don mahaifina bai daɗe da ɗauke jan ƙarfe daga kai ba. Bai janye hannun ba.

Abin da ya faru shi ne, an zo kwarinsu neman mutanen aikin tilas, masu ɗaukar itacen wayar tangaraho zuwa gabas. Bara an tafi da wansa, rawaninsa kaɗai aka dawo da shi. Bana da aka zo kansa, aka sa masa igiya a wuya tare da wasu. Ya yi kwana biyu a hanya, ya sami dogarin Faransi yana gyangyaɗi, ya maka masa dutse, ya kwance ya gudo. Bai san ko dogarin ya mutu ba.

Mahaifina ya ajiye masaba. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "To, yau bawa ya dawo gidan ubangidansa. Ɗauke hannunka kar ka ƙazantar min da ƙarfe." Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bayan zugazugi, ya cire takalman ƙafarsa ya tura masa.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, gawayi bai zo ba. Ba namu kaɗai ba, har na sauran maƙeran gari. Bazara kuwa ita ce lokacin aikinmu. Manoman Garu da na Darna suka fara sauke tsofaffin hauyoyi a ƙofar rumfa, kowa ya ɗaura wa tasa tsumma ko igiya don ya gane ta. Shuka ana iya yin ta ko da sanda da diddige. Noma ne ba ya yiwuwa. In ciyawa ta riga hauya zuwa gona, an gama maganar hatsin shekarar.

Aka aike ni kwarin da hauya shida maimakon huɗu.

Mai garin ya karɓe ni a zaure, bai taɓa kayan ba. Na ga gawayi tsibi-tsibi a bayan gidansa an lulluɓe da zana. Na ga jakunan Buzun uku a ɗaure. Ya ce, "Ɗana, ka gaishe min da babanka. Ka ce mashi ba ni na hana ba. Ni ma wuyana cikin igiya yake." Akwai Bafaranshe a garin ran nan, yana zaune a inuwa, aka kai ni gabansa. Ya yi magana gajeriya, bai dube ni ba. Tafintansa ya juya mini cewa Bature yana gaida mutanen Illela, yana fatan zumunci ya ɗore, yana roƙon a taimaka a dawo masa da mutuminsa. Ni kuwa na ji abin da ya faɗa da bakinsa. Cewa ya yi su zaɓa, ko mutum ɗaya ko daminarsu. Ban nuna na ji ba. Na yi godiya, na ɗauko hauyoyina. A hanyar fita na ga dogarin da aka maka wa dutse, bai mutu ba, kansa a naɗe da tsumma har ido ɗaya.

Na faɗa wa mahaifina da mai unguwa maganar tafinta da maganar Bature, duka biyun. Mai unguwa ya ce ta tafintan za a faɗa wa mutane. Kafin la'asar kowa ya san ta Baturen.

Cikin kwanakin nan Baturen Ingilishi ya zo rangadi. Mai unguwa ya kai masa maganar, ina tsaye. Ya ji daɗi ƙwarai da jin mutum ya gudo daga hannun Faransi. Ya ce duk wanda ya tsallako nasu ne, ba mai taɓa shi. Da aka zo batun gawayi sai ya yi dariya, ya tambaya ko itace ya ƙare a ƙasar nan. Aka yi masa bayanin ƙirya. Ya ce a nemo daga kudu. Ya hau dokinsa.

An nema. Ƙanen mahaifina ya yi kudu da jaki biyu, ya kwana tara, ya dawo da abin da hanya ta niƙe rabinsa ya zama gari. Sauran maƙera suka raba, bai kai su kwana uku ba. Buzun da kansa ya sa aka jawo masa kututturen bagaruwa har bayan rumfa, ya binne ya ƙona da duk iyawarsa. Mahaifina ya gwada. Bakin hauyar ya kama kamar gaske, da aka sari ƙasa sau biyu ya ɓalle.

"Na hwaɗa maka ba ka iya komi ba," in ji mahaifina.

"Ƙarfenka ne na banza, kamar mai shi."

Ba wanda ya yi dariya. Su ma ba su yi ba.

Abin da ya rage mana kwando ɗaya ne na ƙirya. Da farko mahaifina ya so ya riƙe wutar da bagaruwa, ya yi aiki da ƙiryar. Dattijai suka zauna a kan wannan, suka ce a yadda suka gada, wutar maƙera wutar ƙirya ce, ta bagaruwa wutar girki ce, ba ta kare kowa. Ban san ko haka suka gada ba. Ni dai ban taɓa jin wannan magana ba sai ran nan. Mahaifina bai yi musu ba. Ya ja kwandon ya kai shi kusa da tabarmar Buzun, ya ce daga yau ba a ƙira da shi, na riƙon wuta ne. Tafi ɗaya da safe, tafi ɗaya da azahar, tafi ɗaya da yamma. Kullum da hantsi mai unguwa yakan biyo, ya yi sallama, ya gaisa da Buzun da kyau, ya tambayi kwanansa, sannan ya sa bakin sandarsa ya tone toka ya duba.

Manoman ba su yi faɗa ba. Da sun yi da ya fi sauƙi. Zuwa suke yi su zauna kusa da tulin hauyoyinsu, su yi shiru, suna kallon gabas inda hadari yake haɗuwa yana watsewa. In aka zuba tafin gawayi a wuta sai duk idanu su bi hannun. Sau ɗaya wani tsoho daga Darna ya ce, "Maƙeri, wanga da ka zuba yanzu, hauyata ce."

Mahaifina ya ce, "Na sani, baba."

Maganar ke nan. Babu wanda ya ce a ba da Buzun. Har aka gama ban ji bakin da ya furta ba. Matan unguwa ma sai ƙara masa tuwo suke yi, har akushi ya yi masa yawa yana ba yara.

Tawa hauyar tana cikin tulin. Matata tana da cikin fari. Ita ma ba ta ce komai ba. Na dai lura kullum in ta je ɗibar gero sai ta ƙara zura jikinta cikin rumbu, har ya zama ƙafafunta kaɗai nake gani.

Sai ruwan farko ya sauka, mai yawa. Mutane suka yi shuka da abin da suka samu. Bayan kwana biyar gero ya tsiro, ciyawa ta tsiro tare da shi.

A rana ta shida aka aiko cewa mijin ƙanwar mahaifina ya rasu a Garu. Ba yadda zai yi bai je ba. Ya zuba na safe da hannunsa, ya rufe, ya ce mini, "Azahar tafi ɗaya, yamma tafi ɗaya. Gobe da hantsi ina nan." Ya tafi ba takalmi.

Da azahar ta yi rumfar ba kowa, manoman sun tafi salla. Daga ni sai Buzun. Na tone tokar. Garwashi uku ne a ciki, kowane kamar goro. Na ɗebi gawayi cike da tafina, na tsuguna a bakin wutar. Ban zuba ba.

Na sha tambayar kaina a wane lokaci na yanke shawara, ban samu ba. Ban tuna ina tunanin gonata ba, ko matata, ko tsohon Darna. Ina dai tsugune da gawayi a hannu, ina jin nauyinsa, ina kallon garwashin nan uku. Kamar wanda aka ce ya jira wani a bakin hanya.

Buzun yana kishingiɗe a kan tabarma. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata. Ya ce da Buzanci, "Ɗan bawana, hannun ya yi nauyi?"

Na ci gaba da kallon garwashin.

Kwandon yana gefensa, hannu kawai zai miƙa. Al'ada ba ta hana shi zubawa da kansa ba. Bai miƙa ba. Gyara kwanciya ya yi, ya ce, "To zauna sosai, za ka gaji da tsuguno. Itacen nan ni na sare shi, na san shi. Ko ka bar shi a buɗe ba ya mutuwa sai la'asar."

Na zauna. Muka yi ta zama. Ya ce in gaya wa duk wanda ya gaji jakunansa cewa jaki mai ruwan toka yana da miki a baya wajen hagu, kada a ɗora masa kaya a nan. Ya ce in wani ya fara kawo mana gawayi, kada mu duba na saman buhu, mu zura hannu ƙasa, don mutanen kwarin suna cakuɗa marke. Ya ce mahaifina ba ya gane wannan sai an nuna masa, don maƙeri ba shi da wayo. Na ce to. Duk abin da ya faɗa na ce to.

Manoman suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Suka ga tokar a buɗe, suka ga hannuna. Suka zauna inda suka saba zama.

Gaskiyarsa, sai la'asar. Garwashin ƙarshe ya daɗe yana ja a ciki bayan bayansa ya yi fari. Wani ya tashi ya kira mai unguwa. Ya zo, ya sa sanda, sannan ya durƙusa ya sa hannu cikin tokar har wuyan hannu. Ya yi salati irin wanda ake yi in an ji mutuwa. Ya juya ya ce, "Baƙo, ka ga yadda Allah ya yi."

Buzun ya ce, "Na gani." Ya miƙe ya gyara rawaninsa.

Na mayar da gawayin cikin kwando. Ya bar mini baƙi a tafin hannu.

Ba a ɗaure shi ba. Ni aka ce in raka shi, tun da ni ke jin harsuna. Daga gari zuwa dutsen ba nisa. Muka bi ta gefen gonaki, yana gaba ina baya. Ya tsaya sau ɗaya ya nuna wata gona da haɓa, ya ce mai wannan in bai shiga jibi ba ya bar ta. Na duba, gonata ce. Ban gaya masa ba.

A gindin wata bishiya bayan dutsen dogarai biyu suna zaune, da alama sun kwana biyu a wurin, har da murhunsu. Ɗaya shi ne mai tsumma a kai. Kafin mu isa Buzun ya sunkuya ya cire takalman ya miƙo mini.

"Ƙwacewa za su yi. Ka kai ma baƙin bawan nan abinsa. Ka ce mashi wari suke yi, ƙafata ba ta saba ba."

Ya tsallake dutsen. Suka sa masa igiya, ba su doke shi a gabana ba. Mai tsumman ya tambaye ni ko ruwa ya yi kyau a wajenmu. Na ce ya yi, alhamdu lillahi. Na tambaye shi nasu. Ya ce su ma haka. Suka tafi.

Na dawo da takalma a hannu. Abin da na ji a hanya ƙishirwa ce. Na tsaya a rijiya na sha ruwa, na wanke tafina.

Mahaifina ya iso da hantsi kamar yadda ya ce. Ya ga tabarma a naɗe. Ya durƙusa ya taɓa tokar. Bai tambaye ni ba, ran nan ko bayan nan. Na ba shi takalman, na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya riƙe su ya ɗan jima, ya rataye su a jikin rumfa, bai sa ba.

Ya ce, "Mi ya rage a kwando?"

Na ce ya fi rabi.

"Kawo."

Ya shiga gida da kansa ya ɗebo wuta daga murhun mahaifiyata a kan katangar fasasshiyar tukunya, ya zuba ƙirya, ya ce in ja zugazugi. Hauyar tsohon Darna ya fara cirowa daga tulin. Tawa ce ta ƙarshe, bayan kwana huɗu.

Gawayin ya riga ya iso kafin nan. Kwana biyu da tafiyar Buzun sai ga jakuna uku, wani mutum yana kora su, da gaisuwar mai garin kwari. An ɗora wa mai ruwan tokar kaya daidai kan mikin. Na gaya wa mutumin, ya ce ya ji. Na zura hannu ƙasan buhu, na ciro marke. Mahaifina ya ce a sauke haka nan. A kasuwar da ta biyo baya na mayar da hauyoyin nan shida, aka karɓa.

Damina ta yi kyau. An cika rumbuna a Garu da Darna. Matata ta haihu da kaka.

Abu ɗaya ne ya sauya a maƙerarmu. Mahaifina bai ƙara rufe wuta da toka ba. Duk yamma in ya tashi aiki sai ya ɗebi ruwa ya kashe ta, da safe ya ɗebo wata daga murhu. Har ya rasu haka yake yi. Uwar maƙera tana nan a wurinta, amma kowa ya san ba abin da zai same ka na kariya in ka dafa ta.

Ni kuwa na koma yawo. Na zauna a Kumasi, na zauna a Lami ta ƙasar Cadi, na yi shekaru a Kartum a hanyar hajji. Na yi tafinta a wurare da yawa, na kuma ga manya suna yin abin da dattijan unguwarmu suka yi, sai dai su da takarda da hatimi. Na ga jirgin ruwa ya yi kwanaki a tasha yana jiran kwal, kyaftin ɗinsa yana yi wa ƙaramin ma'aikaci murmushin da na san irinsa. Na ga ƙasar da ake yi wa mutanenta wulaƙanci a maƙwabta ta yi shiru, ta kuma aika gaisuwa, don ta tashar maƙwabcin man fitilarta yake shigowa. In samari suna gardamar dalilin da ya sa wannan gwamnati take tsoron waccan, nakan tambaye su daga ina wutarta take zuwa. Yawanci ba su ɗauki tambayar da muhimmanci ba.

Da na dawo gida motoci sun fara shigowa. Man mota kuwa daga kudu yake zuwa cikin garwa, ta jirgin ƙasa, sannan ta hanyarmu, kafin ya tsallaka zuwa ɓangaren Faransi. Ƙarfen Turawa ya cika kasuwa, ba mai damuwa da ƙirya kamar da. Sai gaisuwa ta juya. Yanzu daga arewa ake aiko da rago. In shanunmu sun shiga gonarsu, su ne masu cewa dabba ce. Wata shekara garewanin mai suka maƙale a wajenmu a kan wata 'yar rigima, aka kira ni tafinta a bakin dutsen. Wani Bafaranshe ya zo da kansa, ya cire hula, ya yi magana mai laushi. Wannan karon abin da ya faɗa da abin da na juya duk ɗaya ne.

Da aka gama, yana cikin fara'a, na ce ina da tambaya. Na ba shi labarin wani Buzu mai gawayi da aka mayar shekaru da yawa da suka wuce, na ce ko za a iya sanin inda ya ƙare. Ya ce da daɗi, zai sa a duba. Ya kuwa sa, don yana buƙatar mansa. Bayan kasuwa biyu malamin ofishinsa ya zo har gida. Ya ce an duba, waɗanda aka tafi da su gabas a shekarun nan suna da yawa, ba a rubuta kowa ba. Ya tambaye ni sunansa.

Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Shekara da shekaru yana shan fura a rumfarmu, mahaifina yana ce masa ɓarawon raƙumi, ni ina ce masa Buzu.

Malamin ya jira kaɗan, ya ninke takardarsa. Na raka shi bakin hanya. Takalman suna nan rataye a rumfa lokacin, fatar ta bushe ta lanƙwashe. Ƙanena da ya gaji maƙerar ya tambaye ni ko a yar. Na ce ya bar su. Daga baya aka sake rufin rumfar ba na gari, ban kuma tambayi inda aka kai su ba.